Ɓoyayyen Zafi a Tukunya da Randa



Ku ɗora tukunyar ruwa a murhu, ku tsoma ma'aunin zafi a ciki. Zai yi ta hawa har ruwan ya tafasa, a digiri 100 in a gaɓar teku ake, daga nan ya cije. Ku iza itace, ku hura wuta har idanunku su yi ja, ba zai gusa ba. To ina zafin yake tafiya?

Tambayar da ta dami Joseph Black ke nan a Jami'ar Gilasgo, a farkon shekarun 1760, har ya raɗa wa abin suna ɓoyayyen zafi. Yau mun san aikinsa: ɓamɓare ƙwayoyin ruwa daga junansu su tashi tururi. Kuma ba kaɗan ba ne. Ɗumama kilo ɗaya na ruwa daga digiri 0 zuwa 100 yana cin kilojul kusan 420, amma mayar da shi tururi sai ya lashe kusan 2,260, fiye da ninki biyar. Shi ya sa ƙunar tururi take da muni: da ya taɓa fata ya koma ruwa, sai ya sauke mata wannan kayan gaba ɗaya.

Yanzu ku toshe ruwa a kwalba. Wasu ƙwayoyin suna ficewa daga ruwan zuwa sararin da ke samansa, wasu suna dawowa, kamar ƙofar kasuwa da hantsi. Idan masu fita suka yi daidai da masu shiga, an sami daidaito, tururin kuma yana da matsinsa, wanda yake ƙaruwa da zafi. Tafasa ita ce lokacin da matsin nan ya kamo na iskar da ke danne ruwan. A Jos, mai tudun mita 1,200 ko sama da haka, iska ba ta da nauyi sosai, ruwa yakan tafasa wajen digiri 96. Masana kimiyya biyu, Clapeyron a 1834, sai Clausius bayansa, su suka ɗaure wannan dangantaka da lissafi.

Abin da ya fi burge ni dai randa ce. Ku shafa jikinta, za ku ji danshi. Ruwan da ya tsattsafo yana bin iska, kuma kuɗin tafiyarsa daga zafin na ciki yake ɗiba. Da hunturu, iska a bushe, ruwan randa har haƙori yake kamawa. Da damina kuwa sai a hankali. Da wannan hikima Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir ya daina ruɓewa da wuri, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Roƙona ga malaman kimiyya, ku shiga aji da randa kafin ku rubuta lissafi a allo. Iyayenmu mata kuma, in tukunya ta tafasa a rufe ta, a janye itace. Ƙarin wuta ba ya gaggauta nunar wake.