Rufin Asiri da Tsaron Jama'a: Me Wayar Hannu Ta Koya Mana a Gabashin Sakkwato?



Mu da muka fito daga Dinawa da sauran garuruwan Wurno, Rabah da Goronyo, mun tashi muna jin addu'a guda a bakin iyayenmu safe da yamma, watau Allah ya rufa asiri. Bahaushe ba ya faɗa wa gidan wani sai ya tsaya a zaure ya yi sallama. To, ga shi yau asirin kowannenmu ya bar ɗaka ya koma cikin wayar da ke aljihunsa. Tambayar da muka kawo gaban wannan taro ita ce: ya halatta hukuma ta riƙe mabuɗin wannan asiri da sunan tsaro?

Bari mu fara da bayanin kullen kansa. Tun cikin 2016 WhatsApp ke ɗaure kowane saƙo, ya hargitsa haruffansa tun kafin ya bar wayar mai aikawa, ba ya warwaruwa sai ya isa wayar wanda aka aika wa. Mabuɗin yana cikin wayoyin nan biyu kaɗai, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Hukumomin tsaro a ƙasashe da dama suna cewa wannan kulle ya zama mafakar miyagu, don haka a yi musu wata ƙofa ta baya. A Amurka, cikin 2016, hukumar FBI ta kai kamfanin Apple kotu don ya buɗe mata wayar wani ɗan ta'adda, kamfanin ya ƙi. A nan gida kuwa, cikin Yulin 2021 Majalisar Tarayya ta amince da kusan naira biliyan 4.8 ga Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa domin sa ido kan WhatsApp da wayoyin Thuraya masu aiki da tauraron ɗan Adam.

Ba za mu raina hujjarsu ba, domin mu ne muke binne gawawwakin. Wanda aka ɗauke wa uwa ko ƙanwa, in aka ce masa sauraron wayar mutane zai dawo da ita, zai ce a saurara har da tasa. Mun kuma san cewa da ɗan gari akan ci gari: akwai masu tsegunta wa 'yan bindiga wanda ya sayar da albasa ko shinkafa ya shigo da kuɗi, kuma ta waya suke yi. Tsarin Mulki na 1999 ma, bayan da sashe na 37 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya, sashe na 45 ya bar ƙofar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaron jama'a.

Amma jama'a, mu dubi abin da ya faru a gabanmu. Cikin Disamban 2020 aka umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Tsofaffinmu suka bar gonakin fadama suka yini a layi, suka ba da hoto da zanen yatsu. Cikin Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira. Tun kafin nan, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin waya ajiye bayanan kira har shekara biyu. Duk da haka ba a daina kiran iyalai ana cinikin kuɗin fansa ba, kuma sau da yawa da kiran waya na yau da kullum, wanda babu wani kulle da ya tsare hukuma daga bin sawunsa. Cikin Janairun 2024, shi kansa Isa Ali Pantami, ministan da aka yi aikin haɗa layukan a ƙarƙashinsa, ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Ashe ba mabuɗi ne ya yi ƙaranci ba. Wanda aka ba mabuɗai goma bai buɗe ko ƙofa ɗaya ba, ina dalilin ba shi na goma sha ɗaya?

Mun kuma ɗanɗana maganin da ake ɗura wa kowa don ciwon wasu. Cikin Satumban 2021, bayan an yi haka a Zamfara, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo. Ɗalibi ya kasa jin lafiyar gida, ɗan kasuwa ya kasa karɓar kuɗinsa, mai haƙuri da mara lafiya ya kasa kiran mota. Ranar 17 ga Oktoba na wannan shekara 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura.

Wani zai ce, ai maganin kada a ji, kada a yi. Mai gaskiya me zai ɓoye? Wannan magana ta mai zaune cikin birni ce. A ƙauyukanmu, mutumin da ya fi kowa bukatar rufin asiri shi ne mai gaskiyar da ya ga ayarin babura ya nufi wani gari, yana son ya sanar da hukuma. In saƙonsa ya bi ta hannun da ba amintacce ba, sunansa ya koma daji, ba zai kwana ba. Kowa a cikinmu ya san dalilin da ya sa mutane suke gani su yi shiru. Saboda haka sirrin talaka wani ɓangare ne na tsaron kansa. Ranar da mutane suka tabbata ana jin duk abin da suke faɗa, ranar ce hukuma za ta rasa masu ba ta labari.

Bugu da ƙari, ƙofar baya ba ta tambayar mai shiga ko shi wane ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙasar Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu suka kutsa ta na'urar da aka tanada don sauraron hukuma, suka riƙa sauraron wayar Firayim Minista da ta ministocinsa. Cikin 2024 an sake ganin irin haka a manyan kamfanonin wayar Amurka. In ƙasashen da suka ƙera na'urorin sun kasa tsare ƙofar, mu fa?

To, ina mafita? Mu dai abu uku muke roƙo. Na farko, a bi mutum, kada a bi al'umma: wanda ake zargi a nemi izinin alƙali a kansa, kamar yadda ƙa'idojin Hukumar Sadarwa na 2019 suka tanada, a bi kiransa da inda wayarsa take da hanyar kuɗinsa. Na biyu, a riƙa bayyana wa Majalisa da jama'a yawan izinin da aka bayar kowace shekara da abin da ya haifar, domin ikon da ba a binsa bashin bayani, wata rana ɗan jarida da ɗan adawa zai koma kansu. Na uku, jami'in da ya fitar da sunan mai ba da rahoto, ko ya sayar da bayanan mutane, a hukunta shi a fili, tun da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 tana nan.

A ƙarshe, ga ku 'yan'uwa da za ku kama aikin gwamnati gobe, da waɗanda suka riga suka kama. Fayilolin nan a kan teburinku za su sauka, da sunayen mutane da lambobinsu. Ku tuna cewa bayan kowace lamba akwai gida, kuma a gabashin Sakkwato sakacin magatakarda ɗaya yana iya zama ajalin mai gidan.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.