Jawabi ga Malamai da Almajirai a kan Buɗe Ɗakin Magani domin Samari da 'Yammata

Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, da 'yan'uwanmu na Babura. Ina roƙonku haƙuri, gama zan yi magana a kan abin da aka saba rufe baki a kansa, watau cututtukan al'aura da ke cin matasanmu a ɓoye.

Ku sani, wannan magana ba baƙuwa ba ce a zaurenmu. Yaron da ya fara Ahalari, ya wuce Ishmawi, ya kai Risala, an karanta masa haila da janaba, an rarrabe masa maniyyi da maziyyi, malami bai sunkuyar da kai ba. Uwar Muminai A'isha ma ta yabi matan Madina domin kunya ba ta hana su tambaya a kan addini. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magani, har da na basur. To, ƙaƙa muke koya wa yaro hukuncin abin da ke fita daga jikinsa, amma ranar da ya ga ruwan ciwo yana fita, ya rasa wanda zai gaya wa?

Ga abin da ke faruwa. Saurayi ya tafi cin rani Kano ko Ikko, ya komo da ciwon sanyi, fitsari yana yi masa zafi. Ba ya zuwa asibiti, domin a layin karɓar kati zai gamu da ƙanen ubansa ko maƙwabcinsa. Sai ya jira dare, ya tafi wurin mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa, ya sayi ƙwaya huɗu ya haɗiye. Zafi ya lafa, ya ce ya warke, alhali cutar tana nan, har ta koyi jure wa maganin. Sa'an nan a yi masa aure. Ita amarya sau da yawa ba ta jin komai, cuta kuwa tana hawa har ta toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Shekara uku babu haihuwa, sai a ce juya ce, a yi mata kishiya ko a sake ta, ita da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Kadan kuwa ta haihu, cutar tana iya kama idon jariri.

Tunjere ya fi wannan yaudara. Yana fara da ɗan gyambo marar zafi, ya bushe da kansa, mutum ya ce Allah ya kiyaye, shi kuwa ya shige jini. Mace mai ciki ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa ba rai, a ɗora wa iska ko maita. Alhali allurar fenisilin, wadda asalinta wani likita a Ingila ya gano a 1928, tana kashe shi. Ƙanjamau kuma, ko da ba a sami abin da ke raba mutum da shi ba, akwai ƙwayoyin da ke danne shi, mai shan su ya yi tsawon rai, mace ta haihu lafiya ba ta shafa wa ɗa ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna Jigawa tana cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci. Alhamdu lillahi. Amma tun wuta tana ƙarama ake kashe ta.

Akwai kuma wanda ya shafi almajiranmu musamman, watau tsargiya. Yaro ya yi wanka a dam ɗin Kazaure ko a kududdufi, wata tsutsa da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fatarsa, bayan makonni ya ga jini a ƙarshen fitsari. Waɗansu su ce alamar balaga ce, waɗansu su zarge shi da lalata, shi kuwa tsoro ya sa ya yi shiru. Duka biyu kuskure ne. Ciwon ruwa ne, yana kama 'ya'ya mata ma, kuma ƙwayoyi kaɗan ne maganinsa. Ku duba, yaro nawa muka yi wa zato da ba shi da laifi?

Saboda haka ga shawarar da muke kawowa. A kowace gunduma a sami ɗaki ɗaya na jama'a, ko ɗakin taro, ko aji a makarantar Islamiyya bayan an tashi, inda ma'aikacin lafiya zai riƙa zama rana ɗaya a mako domin matasa kaɗai. Ba ginin asibiti muke nema ba. Jama'a su ba da ɗaki da tabarma da ruwa. Ƙaramar hukuma, wadda kula da ƙananan ɗakunan magani yana cikin aikinta, ta ba da ma'aikata da kayan awo. Hakimi da dagaci da mai unguwa su tsaya a bayan abin. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin wurin a ba shi takarda zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta keɓe wani kaso na kuɗin gwamnatin tarayya domin irin wannan lafiya ta matakin farko, saboda haka kwamitin lafiya na gunduma yana da bakin tambaya.

Amma sai da sharuɗɗa huɗu. Na farko, ranar maza dabam, ranar mata dabam. Namiji ya duba maza, mace ta duba mata. Na biyu, amana: abin da aka faɗa a ɗakin ya mutu a ɗakin, ma'aikacin da ya fitar da asirin yaro a ɗauke shi. Na uku, kada a rubuta wa ƙofar sunan da zai kunyata mai shiga; a duba zazzaɓi da ƙuraje da ciwon mara duk a wurin, domin kada a san abin da ya kawo kowa. Na huɗu, kada kuɗi ya kori talaka.

Ga 'yammata amfanin ya fi yawa. A can za a gaya wa yarinya abin da ya kamata ta sani game da haila, a yi wa 'yan shekara 9 zuwa 14 rigakafin kansar bakin mahaifa, wanda aka fara a Nijeriya a 2023. A can amarya ƙarama za ta ji cewa naƙuda in ta daɗe sai a garzaya asibiti, gama doguwar naƙuda ita ce mafi yawan sanadin yoyon fitsari, kuma tun 2008 likitocin MSF suke ɗinkin masu wannan lalura a asibitin Jahun. Masu shirin aure kuma su yi awon jini tun kafin a sa rana. Maƙwabtanmu na Kano sun mai da wannan awo doka a 2024.

Na san abin da ke zuciyar waɗansu: wai wannan buɗe wa yara ƙofar ɓarna ne. Ya malam, ƙofar ɓarna tana cikin wayar da ke aljihun yaro, tana kuma bakin mai tallar maganin maza da lasifika. In ba mu aje masa mai gaya masa gaskiya ba, maƙaryaci ne zai koya masa. Kuma ba kowane mai ciwo ne mai laifi ba: akwai matar da mijinta ya kawo mata, akwai wanda ya samu ta askar wanzami ko allurar da ba a tsabtace ba, akwai yarinyar da aka zalunta. Wanda ya yi laifin ma, wa'azi aikinmu ne, magani aikin likita ne, ɗaya ba ya hana ɗaya. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira mata su zo Sakkwato duka ba; ta naɗa jajis, suka bi ƙauyuka da ilmi. Mu ma mu kai magani inda matasa suke.

Abin da ya rage gare ku guda uku ne. Kowane malami ya tambayi almajiransa a keɓe, cikin taushi, ko akwai mai fitsarin jini, ya kai shi a duba. Limamai su ambaci wannan magana bayan salla. Sa'an nan a zaɓi dattawa su kai buƙatar ga hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, a rubuce, da sunan ɗakin da jama'a suka bayar.

Allah ya tsare zuriyarmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin. Wassalamu.