Ba Kowane Atuni Ne Amiba Ba

Likitoci, malaman asibiti, shugabannin mahauta, da ku nake. Ba zan ɓata lokaci wajen bayanin atuni ba, don babu gidan da bai san shi ba a unguwar Kokoro ta Bangui. Rigimata da abokan aiki tsohuwa ce: da an ga jini a bayan gidan yaro sai a ce amiba ce, a rubuta Flagyl, a sallami uwa. Ni a wurina wannan canki-canka ne.

Ku tuna garin Zemio na ƙasarmu, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1996. Gudawa mai jini ta ɓarke, kuma binciken Cibiyar Pasteur ta Bangui ya nuna hannun E. coli O157:H7, aka kuma zargi naman shanu, musamman kanda, wato curin niƙaƙƙen nama. Wannan ƙwaya tana zaune lafiya a hanjin saniya, ba ta sa mata ko zazzaɓi. Wajen fiɗa ne kashin dabba ke taɓa nama, in kuma an niƙa naman ta shige har cikinsa, inda wuta ba ta kai ba. Da ta shiga cikin mutum sai ta saki dafin Shiga, ya ci bangon hanji, a wasu yaran ya taɓa ƙoda har fitsari ya ɗauke. Madubin ganin ƙwayoyin cuta da muke alfahari da shi a ƙananan asibitocinmu ba zai taɓa nuna ta ba, domin kamarta ɗaya da E. coli ɗin da ke cikin kowa. Sai an raine ta a faranti mai sukarin sorbitol: sauran su fito ja-ja, ita kuwa ta fito fara fat, don ba ta cin wannan sukari. Shekara guda bayan annobar Zemio, a Ngoila ta Kamaru, aka sake samun ta tare da Shigella da amiba a annoba ɗaya. To, ido zai raba waɗannan?

Abin da ya sa nake nacewa shi ne maganinsu ya saɓa. Shigella tana buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ciprofloxacin ta ce a bayar, kuma nau'in da ya addabi ƙasar nan a 2003 da 2004 ya riga ya gagari tsofaffin magunguna da dama. O157 kuwa, irin wannan magani na iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Flagyl ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu.

Za a ce gwaji da tsada, kuma sai an jira kwana biyu ko uku. Ban ce a jira ba. A ba yaro ruwan gishiri da sukari nan take, a yi masa magani, amma a ɗauki samfur kafin ya haɗiyi ƙwaya ta farko. Masu cewa na'urar PCR ta wadatar, ita ba ta faɗa mana maganin da zai ci ƙwayar.

Don haka kowane asibiti a unguwar Kilomita Biyar ya ajiye kwalaben Cary-Blair na adana samfur, saboda Shigella ba ta daɗewa a samfur, a riƙa aikawa Pasteur a ranar. A rubuta abin da maras lafiya ya ci da inda ya saya. Ku kuma sarakunan fawa, ku raba wuƙar tumbi da ta tsoka, ku hana ajiye nama a ƙasa. In yara biyu daga layi ɗaya sun zo da jini a mako guda, a sanar da hukumar lafiya ranar nan.