Abin da Waya Ke Ɗauka da Abin da Ba Ta Ɗauka: Karatu Daga Gida a Firamaren Fasaha

 

Tambaya ɗaya aka ɗora mini: makarantar firamaren da aka gina a kan zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, shin ya dace ta bar wasu ɗalibanta su riƙa karatu daga gida ta intanet? Yawancin misalaina daga Amurka zan ɗebo su, domin can ne irin waɗannan makarantu suka yi yawa, can kuma aka yi ta kai ruwa rana a kan batun daga 2020 zuwa 2022.

Asalinsu ba son kiɗa kaɗai ba ne. A shekarun 1970, lokacin da kotuna ke matsa wa birane su daina raba 'ya'yan baƙar fata da na fararen fata, sai wasu hukumomin ilimi suka yi dabara: a ba makarantar gwamnati wani fanni na musamman, iyaye daga kowace unguwa su kawo 'ya'yansu da ƙafarsu, ba tilas. Haka aka buɗe makarantar fasaha ta birnin Cincinnati a 1973, wadda a yau take ɗaukar yaro tun daga ajin share fage har ya gama sakandare. A jihar Carolina ta Arewa kuma, a 1995 aka fara wani shiri mai suna A+ da makarantu 25, inda ba a ware wa fasaha sa'a guda a mako a ce an gama da ita. Da bugun ganga ake koya wa yaro rabi da kwata, da wasan kwaikwayo ake koya masa tarihi.

Ko hakan na da amfani? A 2019 wasu masu bincike biyu, Daniel Bowen da Brian Kisida, sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a makarantu 42 na birnin Houston, da yara sama da 10,000. Yaran da aka ƙara wa harkokin fasaha sun fi iya rubutu, an rage kama su da laifi a makaranta, sun kuma fi nuna tausayin 'yan'uwansu. Ku riƙe biyun ƙarshen nan, ladabi da tausayi. Ba a ɗaki shi kaɗai yaro ke samun su ba.

Da korona ta zo, sau biyu ta doki waɗannan makarantu. An rufe su kamar kowa. Sannan da aka tashi buɗewa, sai ya zama abin da suka fi taƙama da shi ne ya fi haɗari. Ran 10 ga Maris 2020, mawaƙa 61 na wata ƙungiya a yankin Skagit, jihar Washington, sun taru atisaye na awa biyu da rabi. Sama da 50 suka kamu, biyu suka rasu. Daga nan waƙar taro ta zama abin tsoro. Jami'ar Colorado da ta Maryland suka shiga auna numfashin da ke fita daga bakin mawaƙi da bakin kayan busa, suka ba da shawarar a ɗaura wa kayan busar ƙyalle, a yi minti 30 a fita, a bar ɗaki ya sha iska. Malaman kiɗa da yawa suka ce, to, gara intanet ɗin. A nan ne suka yi karo da bango.

Bangon shi ne jinkiri. Kafin mutum biyu su yi kiɗa tare, dole sautin ɗaya ya isa kunnen ɗaya cikin kusan kashi ɗaya cikin talatin na sakan, gwargwadon lokacin da murya ke ɗauka ta ratsa mita goma. In ya wuce haka, kowa zai riƙa jiran ɗan'uwansa ba tare da ya sani ba, kiɗan ya yi ta ja baya har ya watse. A manhaja irin Zoom, jinkirin kan kai kashi ɗaya cikin goma na sakan, sau da yawa ma ya fi, kuma na kowane gida daban. Duk wanda ya taɓa waya da ɗan'uwa a Saudiyya, ku fara magana tare, ku yi shiru tare, ya san abin da nake nufi.

Ku dubi ajin da kyau. Malama na gaban kwamfuta, fuskokin yara ashirin a 'yan akwatuna. Ta ce, "In na ƙirga uku, kowa ya tafa sau ɗaya." Abin da ke dawo mata ba tafi ɗaya ba ne, tas-tas-tas ne a warwatse, kuma manhajar, da yake don taron ofis aka ƙera ta, tana ɗaukar tafin a matsayin hayaniya ta shanye rabinsa. Ba yadda za ta yi, sai ta rufe makirufon kowa ta bar nata. Tana waƙa, tana ganin bakuna na motsi, ba ta jin kowa. Ba ta san wanda ya kauce wa murya ba, balle ta gyara masa. Yaron kuma muryarsa da ta malama kaɗai yake ji. Darasin da ya zo nema, wato ya sassauta muryarsa don ta dace da ta na kusa da shi, ya jira wani ya gama kafin ya shiga, wannan darasin bai iso gidansu ba.

Za a ce ai mun ga bidiyon ɗaruruwan mutane suna waƙa tare daga gidajensu. Gaskiya ne. Eric Whitacre ya yi da mutum 185 a 2010, ya sake yi a 2020 da mutum sama da 17,000 daga ƙasashe 129. Amma kowannensu shi kaɗai ya ɗauki muryarsa, ƙwararru suka zauna suka ɗinke. Mai kallo ne ya ji taron. Akwai manhajoji masu rage jinkirin, irin JackTrip ta Jami'ar Stanford, sai dai suna son intanet na kebul mai ƙarfi da kayan sauti na musamman, ba abin da za a ɗora wa ɗan shekara bakwai ba ne.

Kada mu yi wa intanet rashin adalci. Akwai abin da ya tsallaka lafiya, har ya ƙaru. A Maris 2020, Mo Willems, mai zana littattafan yara, ya riƙa fitowa a ranakun aiki da rana daga ɗakin aikinsa, ƙarƙashin Cibiyar Kennedy, yana zane yara na bin sa da fensir daga gida. In aka rataya kyamara a saman hannun malami, kowane yaro zai ga yadda ake jan layi fiye da yadda zai gani in talatin sun yi masa rumfa a teburi ɗaya, kuma wanda bai gane ba zai iya mayarwa baya. Darasin malami ɗaya da ɗalibi ɗaya yana tafiya. Yaro mai kunya, wanda ba ya buɗe baki a aji, kan turo muryarsa a naɗe malama ta sha mamaki. Da kayan aiki suka gagara, malaman zane sun sa yara su tattaro tarkacen gida, murfin kwalba ja, safa shuɗiya, ayaba, su jera su da'ira bisa launi su ɗauki hoto. Dabara ce mai kyau. Amma dabarar wanda ba shi da fenti ce, ba za a gina shekara shida a kanta ba. Yumɓu da tanderun gasa shi, da falon rawa, da goge ƙarami daidai hannun yaro, duk suna makaranta.

Sai maganar shekaru, wadda a ganina ita ce ta fi nauyi. Ɗan sakandare zai iya zama gaban allo shi kaɗai. Ɗan aji ɗaya bai iya karanta umarnin da ke kan allon ba. Saboda haka duk makarantar da ta ce tana koyar da ƙaramin yaro daga nesa, a gaskiya ta ɗauki wani babba aiki ne a gidan ba albashi, kuma galibi uwa ce. Alkaluma ma ba su da daɗin ji. Tun a 2015 cibiyar CREDO ta Stanford ta gano cewa ɗaliban makarantun da intanet zalla suke yi suna baya da kwatankwacin kwana 180 na lissafi a shekara, da kwana 72 na karatu. A 2022 kuma jarrabawar auna ɗalibai ta Amurka ta nuna 'yan shekara tara sun faɗi da maki 7 a lissafi, da 5 a karatu. Ba intanet kaɗai ya jawo wannan faɗuwar ba, annoba ce sukutum. Amma ba wanda zai kalli waɗannan lambobi ya ce allo daidai yake da aji.

Duk da haka ban goyi bayan a rufe ƙofar ba. Birnin New York ya rufe ta a zangon kaka na 2021, ya ce kowa ya dawo aji, sai 'yan kaɗan masu larurar lafiya. Jihar Kalifoniya a shekarar ta wajabta wa hukumomin ilimi su tanadi hanyar karatu daga gida. Na fi karkata ga Kalifoniya, saboda na san su wa ke ƙwanƙwasa wannan ƙofa: yaron da ake yi wa maganin daji, wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, wanda aka addaba da cin zali har yake amai in gari ya waye, wanda gidansu ke da nisa. Zaɓin waɗannan ba tsakanin aji da allo yake ba, tsakanin allo ne da zaman banza.

Abin da nake ƙi shi ne na araha, wanda aka fi yi a 2020 da 2021: a kafa kwamfuta a bayan aji, malama ɗaya ta koyar da na gabanta da na gida lokaci guda. A darasin rawa, na gida ƙeyar 'yan ajinsu kawai suke kallo. In za a yi, a ba su malaminsu na kansu, wanda zai tsara darasi bisa abin da waya ke iya ɗauka. A kai musu jakar fenti da takarda da sarewa har gida, a kuɗin makaranta. A koyar da babban da zai zauna da yaron. A kuma sa ranakun haɗuwa ido da ido. Wannan ba sabon tunani ba ne. Makarantar rediyo ta Alice Springs a Ostireliya tun 1951 take koyar da 'ya'yan makiyayan da ke nesa da gari, kuma a kan waɗannan ƙafafu take tsaye: darasi daga nesa, mai kula a gida, kaya ta gidan waya, da taruwa a gari wasu lokuta a shekara.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. Mun ji darussa a rediyo a Kano da Kaduna a 2020, mun ga makarantu a kulle bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe, kuma kowane malami a nan ya san ɗalibi mai sikila da kan ɓace makonni. Sai dai a gidajenmu wayar ta maigida ce, da safe ta tafi kasuwa. Don haka darasin kai tsaye ba namu ba ne tukuna. Saƙon murya a WhatsApp ya fi dacewa da mu: malama ta rera baiti, yarinya ta saurara da dare ta mayar, malama ta gyara. Tatsuniya za ta bi wannan hanya, zane ma zai bi ta hoto. Gaɗa kuwa sai dandali.

Ga masu makarantu da ke cikinmu, akwai jarabar da ya kamata a ambata. A Amurka kuɗin gwamnati yawan ɗalibai yake bi, a nan kuɗin makaranta ne, don haka ko'ina akwai kwaɗayin a buɗe sashen intanet don kada kai ɗaya ya kuɓuce. Kafin ku buga talla, ku rubuta wa iyaye takarda mai shafi ɗaya: ga darussan da ɗanku zai samu cikakku, ga waɗanda zai samu rabi, ga kiɗan taro da rawar taro da ba zai samu ba sai ranar haɗuwa, ga awannin da muke bukatar babba ya zauna kusa da shi. In kasafinku ba shi da layin albashin malamin 'yan gida da layin jakar kaya, ku dakata da tallar sai ya samu.