Jawabi Kan Huda Maƙogwaron Majinyaci: A Gefen Gado Ko A Ɗakin Tiyata?

Jama'a, akwai wata takarda da likitoci kan miƙa wa dangin majinyacin da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman, wato takardar neman izinin huda maƙogwaro. Dangi da yawa sukan ƙi sa hannu, domin suna tsammanin yanka ɗan'uwansu za a yi. Wannan jinkiri kuwa majinyaci ne yake ɗanɗana kuɗarsa.

Mutumin da numfashi ya gagare shi, kamar wanda ya bugu a ka a haɗarin mota, akan zura masa bututu ta baki a haɗa da na'urar numfashi. Idan bututun nan ya wuce mako ɗaya ko biyu yakan ji wa maƙoshi rauni, ga kuma yawan maganin barci da yake jawowa. Sai a buɗe 'yar ƙofa a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, iska ta riƙa bi ta nan.

Hanyoyin yin haka biyu ne. Ta farko ita ce tiyata, wadda likitan Amurka Chevalier Jackson ya tsara ƙa'idojinta a 1909. Akan tsaga fata kamar inci ɗaya, a ware tsoka, likita ya ga maƙogwaron da idonsa kafin ya huda. Ta biyu kuwa wani likita mai suna Pasquale Ciaglia ne ya bayyana ta a 1985. A kan gadon majinyaci ake yin ta: a soka allura, a zura siririyar waya ta cikinta, sa'an nan a faɗaɗa hujin a hankali har bututu ya shiga. Sau da yawa wani likitan yana leƙen ciki da madubin maƙogwaro, kada allura ta zarce.

Babban amfanin aikin gefen gado shi ne ba a ɗaga majinyaci daga inda yake. Tura mutum mai rai a hannun Allah zuwa ɗakin tiyata, da na'urori da ledojin ruwa rataye a jikinsa, haɗari ne mai zaman kansa. Har ila yau mikin ƙarami ne, bai cika ruɓa ba, tabonsa ma kaɗan ne.

Amma ba kowane wuya ne ya dace da ita ba. Mai maƙoƙo, da mai gajeren wuya mai kauri, da wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin, da ƙananan yara, tiyata ce ta fi musu, gama wurin da yatsa bai iya laluba ba, ganganci ne a soka masa allura. Sa'an nan idan bututu ya fita a makon farko, hujin allura yakan tsuke nan da nan, mayar da shi ya yi wuya, alhali ƙofar tiyata ta fi sauƙin samu. Saboda haka kada mai jinya ya taɓa igiyar da ta ɗaure bututun, ko ya juya majinyaci ba da sanin nas ba.

Wajen yawan waɗanda ke tsira da rai, bincike bai nuna wata ta ɗara wata sosai ba. Dangin da aka ce musu za a yi a gefen gado kada su ɗauka aikin talaka aka zaɓar musu.

Murya ba ta ɓacewa saboda hujin nan. Idan majinyaci ya samu sauƙi akan zare bututun a rufe wurin da bandeji, galibi kuma yakan haɗe da kansa cikin mako ɗaya ko biyu ba tare da ɗinki ba.