Yaron Unguwa Ba Zai Jira Digirinmu Ba

Shugabannin ƙungiya, 'yan'uwa ɗalibai na Paris da Liyon,

Ranar 27 ga Oktoba 2005, Zyed Benna da Bouna Traoré suka rasu a tashar lantarki a nan Clichy-sous-Bois, suna gudun 'yan sanda. Tarzoma ta yi mako uku. Yaran garin nan suna maƙwabtaka da manyan jami'o'in Paris, amma da yawansu sai dai labari.

Akwai hanyar rage wannan rata. Tun 1991 ƙungiyar AFEV take haɗa ɗaliban jami'a da yaran unguwannin talakawa, awa biyu kowane mako. Dokar 27 ga Janairu 2017 kuwa ta wajabta wa jami'o'in Faransa su lissafa irin wannan hidima cikin sakamakon ɗalibi.

A Najeriya, tun 1973, sai an kammala digiri ake bautar ƙasa. To, yaron da bai iya karatu ba a Fagge, wa ya ce zai jira mu shekara huɗu?

Don haka kowannenmu ya ɗauki yaro guda a zangon nan, sannan mu rubuta wa jami'o'in Kano, Zariya da Maraɗi su sanya hidima cikin manhaja, da makinta.