Hasken Rana da Maganin Zazzaɓin Cizon Sauro



Maganin da likitoci suka fi dogara da shi yau wajen kashe zazzaɓin cizon sauro daga ganye ya fito. A shekarar 1972 Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka tace sinadarin atimisinin daga wani dangin tazargade, aikin da ya jawo mata lambar Nobel a 2015. Sinadarin yana taruwa cikin 'yan mitsi-mitsin ƙuraje a fatar ganyen, hasken rana kuwa shi ke zuga tsiron ya ƙera shi. Wanda ya tashi a inuwa, ko ya yi kore shar, maganinsa kaɗan ne.

Tsawon wuni ma yana da hannu. Tsiron nan yakan yi fure idan wuni ya gaza kimanin awa 13 da rabi, da ya yi fure kuwa sai ya rage fid da sabon ganye. A Kano wuni ba ya kaiwa awa 13, ko a watan Yuni. Saboda haka irin Sin, in aka shuka shi a ƙasashe irin namu, yakan yi fure tun yana ƙarami. Sai da masana suka samar da iri mai jinkirin fure sannan nomansa ya kankama a Kenya, Tanzaniya da Madagaska.

To, ganyen gona biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba ta goyi bayan a jiƙa shi a sha maimakon ƙwaya ba, domin magani rabi-rabi yana koya wa cuta taurin kai. Mu da za mu riƙe ofisoshin gona da na lafiya gobe, wajibi ne mu tambayi asalin iri kafin mu raba wa manoma, mu kuma kai wa jama'a wannan gargaɗi.